Tanis riba ce, karatu shi ne uwar kuɗi

Yau maganarmu a kan wani ciniki ne da ba a baje shi a rumfa, amma kuɗin da ke cikinsa sun fi na tirela cike da albasar Galmi. Cinikin kuwa shi ne zaɓen jami'a ga yaron da Allah ya ba hannun wasan tanis, wasan nan da ake buga ƴar ƙaramar ƙwallo da raket ta bisa raga.

Na san wani zai ce, mi ya haɗa mai sayar da atamfa da tanis? Abu biyu ne. Na farko, muna da dangi a Amurka, a New York da Greensboro da sauran garuruwa. Ƴaƴansu can aka haife su, can suke lakwal, wasu cikinsu suna wannan wasa, kuma in lokacin shiga jami'a ya zo har gida akan bugo waya neman shawarar kaka ko baba ko inna. Na biyu, a nan gida ma dillalai sun yi yawa masu ce ma uwaye su kawo kuɗi a kai yaro waje ya yi wasa ya yi karatu kyauta, yau ƙwallon ƙafa, gobe ƙwallon kwando. Wanda ya gane yadda lissafin tanis yake, ya gane na sauran.

Ra'ayina guda ne. A zaɓi makarantar da yaro zai yarda ya zauna ya gama ko da gobe hannunsa ya karye. Wasa riba ce, karatu shi ne uwar kuɗi. Ɗan kasuwar da ya cinye uwa yana jiran riba, kowa ya san makomarsa.

Mu fara da yadda abin yake tafiya. A Amurka jami'o'i suna da ƙungiyoyin wasa nasu, suna karawa da juna ƙarƙashin wata babbar hukuma da ake kira NCAA, wadda ta tara makarantu kusan 1,100. Ta raba su rukuni uku. Rukuni na ɗaya can ne manyan ƴan wasa da manyan kuɗi. Rukuni na biyu yana ba da tallafin karatu, abin da muke ce ma burs, amma kaɗan. Rukuni na uku kuwa ba ya ba da ko tamma saboda wasa, sai dai saboda ƙoƙarin yaro a aji ko rashin ƙarfin uwayensa. Haka ma tsofaffin jami'o'in nan takwas masu suna, irin su Harvard da Yale da Princeton: suna rukuni na ɗaya, amma ba su biyan kowa don ya iya wasa. Ban da NCAA akwai wata hukuma ƙarama, NAIA, akwai kuma kwalejojin shekara biyu da yaro kan fara da su kafin ya wuce jami'a. Cikin dukan wasanni, tanis ne ya fi jawo baƙi: fiye da rabin ƴan tanis na rukuni na ɗaya daga wasu ƙasashe suka zo.

To, sai lissafi na farko, na kuɗi. Shekara da shekaru doka ta ce jami'ar rukuni na ɗaya ba ta wuce burs huɗu da rabi ga dukan ƙungiyar maza, alhali ƙungiyar kan kai mutum takwas zuwa goma. Ke nan ana yanka burs ɗin ne kamar yadda mahauci ke kasa nama, wannan rabi, wancan kwata. Mata kuwa cikakkun burs takwas ne. Dalili shi ne wata doka ta 1972 da ta tilasta ma makarantu su daidaita tsakanin maza da mata, ga shi kuma ƙwallon zari-ruga na Amurka shi kaɗai yana cinye burs 85 na maza. Uwaye mata, ku riƙe wannan: a tanis ɗiya mace ta daɗe tana fin ɗa namiji samun cikakken tallafi. A watan Yuni na 2025 wata kotu ta amince da sulhun da ya canza tsarin. Jami'o'in da suka shiga sulhun an cire masu iyakar burs, aka sa masu iyakar mutane, goma a ƙungiyar tanis. Amma izinin bayarwa daban, kuɗin bayarwa daban. Mafi yawan kuɗin suna tafiya ne wajen zari-ruga da ƙwallon kwando, su da ke cika filaye da ƴan kallo.

Nawa ne kuɗin shekara? A manyan jami'o'i masu zaman kansu, in an haɗa karatu da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, yakan wuce dala 80,000. Dalar Amurka nake nufi, ba dalar kasuwarmu ba. Da kuɗinmu ya haura miliyan 40 na sefa. Saboda haka in mai horarwa ya ce ya ba ɗanka rabin burs, kada guɗa ta riga lissafi. Rabin da ya rage miliyan 20 ne kowace shekara, shekara huɗu miliyan 80, ban da kuɗin jirgi da rigunan sanyi. Jami'o'in gwamnatin jihohi sun fi sauƙi, amma baƙo yana biyan ninkin abin da ɗan jiha ke biya, ko fiye. Kuma ɗalibi baƙo doka ba ta bar shi ya yi aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu ba, shi ma cikin makaranta. Kada wani ya ce maka yaro zai yi ƙwadago ya cike giɓin. Wata ƙaramar makaranta da ba ka taɓa jin sunanta ba, in ta haɗa ma yaro burs ɗin wasa da na ƙoƙarin aji, tana iya fin mai babban suna sauƙi nesa ba kusa ba. Abin tambaya ba nawa suka ba ni ba ne. Abin tambaya shi ne nawa ya rage a kaina.

Akwai kuma wani sharaɗi da dillalai ba su faɗi. Burs da yawa na shekara ɗaya ne, ana sabuntawa. Mai horarwan da ya yi maka alkawari da baki yana iya samun aiki wani wuri ya tafi, sabo ya zo da nasa yaran. Mu da muke ba da kaya bashi mun san bambancin magana da takarda. A nemi takarda, a sami wanda ya iya Ingilishi ya karanta ta layi-layi, a ga shekara nawa ta ƙunsa, da abin da ta ce in yaro ya ji ciwo.

Lissafi na biyu na lokaci ne. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Burs ba sadaka ba ce, ladan aiki ce. Doka ta ce kada horo da wasa su wuce awa 20 a mako, amma ranar gasa awa uku ake ƙirgawa ko da an wuni a fili, kuma zaman mota da jirgi da ɗakin jinya ba su shiga lissafi. Binciken da NCAA kanta ta yi ya nuna ɗan wasan rukuni na ɗaya yakan ba wasa fiye da awa 30 a mako. Babbar kakar tanis daga Janairu ce zuwa Mayu, daidai lokacin darasi da jarrabawa. Yaron da ke son aikin injiniya ko haɗa magunguna yana da awoyin ɗakin gwaji da rana, lokacin da ƙungiya ke fili. A nan ne wasu masu horarwa kan lallaɓa yaro ya koma wani fanni mai sauƙi, don dai kada makinsa ya faɗi a hana shi wasa. Ƙungiya ta ci riba, yaro ya fito da takardar da ba ta buɗe ƙofar kowa.

Maganin wannan tambaya ce mai sauƙi. Kowace jami'a tana baje sunayen ƴan wasanta a intanet, sau da yawa har da fannin da kowa ke karantawa. A duba. In mutum goma duk fanni ɗaya ko biyu suke yi, ruwa ba ya tsami banza. A tambayi mai horarwa: cikin yaranka na shekarun baya, nawa suka gama, wane aiki suke yi yanzu? In darasi ya yi karo da horo, wanne ke ja da baya? A kuma nemi magana da wanda ya taɓa zama a ƙungiyar ya bar ta. Mai kaya ba ya kushe kayansa, wanda ya saya ya yi amfani da su shi ke faɗin gaskiya.

Lissafi na uku shi ne wasan kansa. A gasar jami'o'i mutum shida ne ke buga wasan ɗaiɗai, sai wasan bibbiyu guda uku. Na bakwai da na takwas zaman benci suke yi, alhali su ma da asuba suke tashi horo kamar kowa. Masu horarwa yanzu ba su cinikin biri a sama. Akwai wani ma'auni da ake kira UTR, daga 1 zuwa 16.5, wanda kwamfuta ke fitarwa daga sakamakon wasannin da yaro ya buga. Kowa na iya gwada lambar ɗansa da ta ƴan ƙungiyar da yake so. In ya ga ɗansa zai zama na tara, to ya sani suna ya saya ba wasa ba. Gara makarantar da yaro zai zama na uku ko na huɗu, yana buga wasa kowane mako, ga waɗanda suka fi shi yana koyo daga gare su.

Yanzu sai babbar tambaya: in ya gama fa? Zuciyar kowane yaro tana ce masa shi ne zakaran gobe. Mu duba littafin ciniki. Hukumar tanis ta duniya, ITF, ta binciki shekarar 2013. Ta tarar da mutum kusan 14,000 sun buga gasannin ƙwararru, fiye da 6,000 cikinsu ba su ci ko sisi ba. Da ta cire kuɗin jirgi da masauki da abinci, ta ga namiji sai yana cikin 336 na farko a duniya, mace cikin 253, kafin abin da ya samu ya rufe abin da ya kashe, ba a ma sa albashin mai horarwa ba. Wace hajiya ce za ta zuba jarinta a kasuwar da mutum 14,000 suka shiga, ƴan ɗaruruwa kawai suka maida uwar kuɗinsu?

Ba ina cewa jami'a kabarin wasa ba ce. Akasin haka. Nduka Odizor, ɗan Legas, ya bi ta jami'ar Houston, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. Kevin Anderson na Afirka ta Kudu ya yi jami'ar Illinois, ya kai wasan ƙarshe a gasar US Open a 2017 da Wimbledon a 2018. Danielle Collins ta ci kofin NCAA sau biyu, a 2014 da 2016, ta karɓi takardarta a jami'ar Virginia, sannan ta kai wasan ƙarshe a Ostiraliya a 2022. Mayar Sherif, ɗiyar Masar, ta gama jami'ar Pepperdine a 2018 a fannin lafiyar ƴan wasa, a 2022 kuma ta zama mace ta farko daga Masar da ta ci kofin babbar gasar mata ta WTA, a garin Parma na Italiya. Waɗannan matan biyu sun shiga kasuwar da uwar kuɗinsu ɗaure a bakin zane.

Amma wanda ya fi koya mana darasi shi ne Arthur Ashe, baƙar fatar Amurka, wanda a 1971 ya ga wani yaro a Yawunde mai suna Yannick Noah, ya yi masa hanya zuwa Faransa, yaron da ya zo ya ci Roland Garros a 1983. Ashe ya ci kofin NCAA a 1965, bai bar makaranta ba sai da ya gama karatun harkar kasuwanci a jami'ar UCLA a 1966. Ya ci US Open a 1968, ya ci Wimbledon a 1975. A 1979, yana ɗan shekara 36, ciwon zuciya ya kada shi, a 1980 ya ajiye raket. Daga nan alƙalami ya ɗauka, har ya rubuta tarihin baƙaƙen ƴan wasan Amurka cikin kundi uku. In zakaran Wimbledon ya wayi gari yana bukatar abin da ya koya a aji, ina ga na shida a ƙungiyar jami'a?

Wani lokaci ma ba jiki ne ke karyewa ba, ƙungiyar ce ke mutuwa. A 2020, lokacin annobar korona, jami'o'i da dama sun soke tanis don rage kashe kuɗi, har da manya irin su Iowa da Minnesota da suka rufe ƙungiyoyin maza. Yaron da ya je don makaranta ya zauna ya gama. Wanda ya je don wasa kaɗai ya ɗauki jakarsa yana neman wani wuri, kuma canjin makaranta yakan ci wani sashe na darussan da aka riga aka yi, domin ba duka sabuwar ke karɓa ba.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa taura biyu ba ta taunuwa, wai wanda ya raba hankalinsa bai zama gwani a ko ɗaya. Suna kawo Frances Tiafoe, ɗan baƙi daga Saliyo, wanda ubansa ke kula da wata cibiyar tanis a jihar Maryland, bai shiga jami'a ba, ya kai kusa da ƙarshe a US Open a 2022 da 2024. Suna kawo Ben Shelton da ya bar jami'ar Florida bayan ya ci kofin NCAA a 2022. Gaskiya ne. Amma irin waɗannan ba sai uwaye sun yi ta neman shawara ba, tun suna samari kamfanoni ke bin su da kwangila a rubuce. In ba a zo ƙofar gidanka da irin wannan takarda ba, lissafin Tiafoe ba naka ba ne. Kuma ƙarfin jiki yana da wa'adi. Mu da muke kallon kokowar takobi mun ga zakaru nawa suka yi tashe suka wuce. Shekarun wasa goma ne ko sha biyar, shekarun neman abinci arba'in.

Saura zancen fanni. A tambayi yaro abin da yake son zama, sannan a tambayi inda zai zauna. A Amurka karatun likita da na lauya ba a fara su sai an gama shekara huɗun farko, saboda haka burs ɗin tanis ba ya kai yaro ga zama likita, bakin ƙofa kawai yake ajiye shi. Wanda zai dawo gida kuma ya sani dokar Amurka daban take da tamu, ba ta yi masa amfani a kotun Maraɗi. Lissafin kuɗi, kwamfuta, noma, ruwa, injiniyanci, sufuri da harkar kasuwanci, waɗannan suna tsallaka iyaka. Ɗalibi baƙo yana da izinin aiki na wata 12 bayan ya gama, fannonin kimiyya da injiniyanci kuma akan ƙara masu wata 24. Kafin a biya ko jikka ɗaya, a je ma'aikatar ilimi mai zurfi a tambaya ko za a amince da takardar wannan makaranta in an kawo ta gida. Ga yaron da ya yi bak da Faransanci, akwai jarrabawar Ingilishi irin TOEFL, akwai fassarar takardu da tantancewar NCAA. A rukuni na ɗaya ɗan tanis wata shida kawai gare shi bayan gama sakandare. In ya ci gaba da shiga gasanni bayan haka bai shiga jami'a ba, sai a fara zaftare masa shekarun wasa.

Daga ƙarshe ga gargaɗi, musamman ga mu na gida. A watan Disamba na 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa Nijar da Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka hana ma ƴaƴansu biza, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, kuma ta haɗa da bizar karatu. An keɓe masu takardar zama ta dindindin da masu fasfo na wata ƙasa da dokar ba ta shafa ba. Saboda haka duk dillalin da ya zo rumfarki, Hajiya, ya ce ki sayar da fili ko zinariya zai samo ma yaro burs da biza, ki fara tambayar abin da doka ta ce a ranar, daga bakin ofishin jakadanci, ba daga bakinsa ba. Mai horarwa na gaskiya ba ya karɓar kuɗi don ya ba da burs, kuma ba wanda ke da ikon sayar da biza. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

In ƙofar can a rufe take, karatu bai rufe ba. Ga jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ga Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ga André Salifou a Damagaram, ga Djibo Hamani a Tawa. Yaro ya riƙe littafinsa da safe, ya riƙe wasansa da marece. Wanda ke da bak mai kyau da Ingilishi a bakinsa, duk ranar da wata ƙofa ta buɗe, a can ko a wata ƙasa, shi za a fara kira.

Ƴan uwa, ba ina cewa a ƙwace raket daga hannun yaro ba. Wasa yana koya haƙuri da tashi da wuri da jure faɗuwa, halayen da kasuwa ma ke nema, kuma ya biya ma dubban ƴaƴan talakawa karatun da uwayensu ba su iya biya. Abin da nake cewa shi ne a san wanne ne jaki, wanne ne kaya. Tanis shi ke ɗauke da yaro zuwa makaranta, takarda ita ce kayan da ake son a sauke a gida. Ku zauna da yaron, ku rubuta makarantu uku ko huɗu a takarda, ku sa ma kowace abin da ya rage a kanku, da fannin da zai karanta, da matsayinsa a ƙungiya. Sannan ku yi masa tambaya ɗaya: in aka ce daga gobe ba wasa, a wacce za ka yarda ka zauna? Wadda ya nuna, ita ce makarantarsa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwa da karatu. Sai wani jiƙon.